Kundin shirin Noruz na 1404 a Tehran: alkama ɗaya, sabze da samanu

Asabar, 1 ga Maris 2025 (11 ga Esfand 1403)

Sabuwar shekarar Iraniyawa, wato Noruz, tana shiga ne a daidai mintin da rana ta tsallaka tsakiyar duniya ta nufo arewa, dare da yini suka yi kunnen doki. Bana wannan lokaci zai faɗo ranar Alhamis 20 ga Maris, ƙarfe 12:31 na rana agogon Tehran, wato 10:01 na safe a Najeriya da Nijar. Ƙa'idar kalandarsu ita ce, in juyin ya auku kafin rana ta take tsaka, wannan ranar ce 1 ga Farwardin, watan farko na shekara. In kuwa bayan zawali ne, sai washegari. Na bana ya zo bayan zawali da 'yan mintoci, don haka watan Esfand, na ƙarshen shekara, zai cika 30, 1 ga Farwardin 1404 kuma ta zama Juma'a 21 ga wata. Tushen wannan lissafi shi ne gyaran kalandar da aka yi a 1079 zamanin Sarki Malik Shah, wanda Umar Khayyam yana cikin masanan da suka yi aikinsa.

Daga 12:31 ɗin nan ake ƙirgo komai a koma baya. Shimfiɗar da ake kira Haft Sin tana ɗauke da abubuwa bakwai waɗanda sunansu ke farawa da harafin sinun a Farisanci. Biyar daga ciki saye ake yi a kasuwa ko ana gobe biki. Biyu kuwa sai an raine su: sabze, koren tsiron da ake ɗorawa a faranti, da samanu, wani abin zaƙi mai kauri da ake dafawa da ruwan tsiron alkama. Su biyun ne ke riƙe da jadawalin aikin, domin tsiro ba ya jin a yi sauri. Adas, wani ɗan ƙaramin wake mai faɗi, yana son kwana 18 zuwa 20, alkama 12 zuwa 14, irin lansir mako guda.

Yau an jiƙa adas kofi biyu, mai ɓawonsa, koren nan. Jan adas da aka ɓare aka raba biyu ba ya tsirowa ko za a shekara ana ba shi ruwa.

An kuma sayo alkama kilo ɗaya, a nan kuma akwai tarko biyu. Gobe ake ɗaukar azumi a Iran, kasuwa ta cika da surfaffiyar alkamar da ake dama halim da ita, wato wani faten alkama na buɗa baki. Surfe ya kashe idon ƙwayar, in aka jiƙa ta ruɓewa za ta yi. Tarko na biyu alkamar iri ta manoma, wadda aka feshe da maganin funfuna, ana gane ta da launin ruwan hoda. Za ta tsiro da kyau, amma kada ta kusanci tukunyar samanu. Gwaji kafin a zuba duka: a ƙirga ƙwaya 50 a naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle. In ƙasa da 45 ne suka fasa baki cikin kwana uku, a canza alkama tun da sauran lokaci.

Litinin, 3 ga Maris

Adas ya sha ruwa ya kumbura, ɓawon wasu ya tsage. An canza masa ruwa safe da yamma. An tsane shi a kwando, an naɗe a farin ƙyallen auduga mai laima, an ajiye cikin kwano a gefen kicin inda ba rana.

Laraba, 5 ga Maris (15 ga Esfand)

Gwajin alkama ya yi: 47 cikin 50 sun fito da farin baki. Adas ya fitar da saiwa kamar rabin santimita, an baza shi a faranti mai ɗan zurfi, kaurinsa bai wuce santimita biyu ba, an rufa masa ƙyallen.

Yau ce ranar dashen itatuwa a ƙasar, kuma daga yanzu khane tekani, wato kakkaɓe gida, ya kankama a kowace unguwa. Ana ganin darduma rataye a baranda da kan rufin gidaje. Tsarin aikin daga sama ne zuwa ƙasa: labule da fitilu, sai bango da taga, sai kabad, daɓe a ƙarshe. Darduma ita ake fara fitarwa, saboda masu wankin darduma aiki yana yi musu yawa a makon ƙarshe, wadda aka kai a makare sai ta kwana biki a can. Mai wanke dardumarsa a gida ya yi da ruwan sanyi, ya bi kwanciyar gashin da buroshi, ya shanya ta a shimfiɗe. Ruwan zafi yana sa jan rini ya zuba cikin farin, darduma mai nauyin ruwa kuma in aka rataye ta a igiya ɗaya sai ta karkace. Da azumi a baki, aikin ƙarfi an mayar da shi bayan buɗa baki.

Juma'a, 7 ga Maris

An jiƙa alkama duka kilo ɗayan. An wanke ta sau uku, an kwashe ƙaiƙayi da ƙwayoyin da suka taso saman ruwa, don galibinsu ba komai a cikinsu. Ruwa ya hau kanta da yatsu huɗu. Za a riƙa canza ruwan sau biyu a yini. Ruwan da ya kwana biyu ba a canza ba yana yin kumfa da warin tsami, kuma wannan tsamin yana bin alkamar har cikin samanu.

Lahadi, 9 ga Maris

An tsane alkama an naɗe ta a ƙyalle. Alamar jiƙo ya isa ita ce a matsa ƙwaya da farce ta lotsa ba tare da ta dame ba.

An yaye wa adas ƙyallensa, an matsar da shi kusa da taga. Daga yau shayarwa kawai: a zuba ruwa a hankali ta gefe, a bari minti biyu, a dafe saman da tafin hannu a karkata farantin ruwan ya fita tas.

Talata, 11 ga Maris

Yau alkamar ta rabu gida biyu, kuma abin da ya raba su haske ne. Rabin kilo na sabze, an baza shi a farantai uku. Sauran rabin na samanu, an baza shi a babban tire mai huji, an rufe da ƙyalle ninki biyu, an sa a ɗakin ajiya mai sanyi da duhu. Na faranti ana so ya yi kore shar. Na tire kuwa ana so ya tsaya fari, domin da zarar tsiron ya ga haske ya fara korewa, ya fara cinye zaƙin da ke cikin ƙwayar, ruwansa kuma ya ɗauki ɗaci da warin ciyawa.

Farantan uku an bambanta su da gangan don a ga bambanci. Na farko na yumɓu ne mara fenti, na biyu na tangaran mai faɗi, na uku kwanon gilashi mai zurfi wanda alkamar ta yi kauri a ciki har santimita huɗu.

Alhamis, 13 ga Maris

Kwanon gilashi ya lalace. Ƙasansa ya yi yauƙi, wari ya tashi, ga tabon funfuna toka-toka a gefe. Dalili a fili yake: kauri ya yi yawa, zurfin kwanon ya hana ruwa fita, ƙwayoyin ƙasa suka rasa iska. An zubar da shi duka, an wanke wurin da ruwan khal don kada ya harbi sauran.

Akwai abin da ke ruɗin masu farawa a nan. Sabuwar saiwa tana fitar da farin gashi mai laushi wanda ya yi kama da funfuna. A yayyafa masa ruwa: in ya kwanta ya ɓace, gashin saiwa ne, lafiya lau. Funfuna ba ta kwanciya, tana yin zare tsakanin ƙwayoyi, kuma hanci yana gane ta kafin ido.

Na yumɓu ya fi kowanne kyau, saboda yumɓun yana shanye rarar ruwa ya riƙa mayarwa a hankali. Tsiron ya kai santimita biyu, an yaye ƙyalle. An nisanta farantan da na'urar ɗumama ɗaki. Gidajen Tehran suna da ɗumi sosai a wannan wata, tsiron da ya zauna kusa da ita kuma zai yi tsayi da sauri ya yi siriri, kafin ranar biki ya kwanta.

An ɗora lansir a jikin ƙaramin tulun yumɓu. An jiƙa tulun ya kwana, an sa masa tsohuwar safa siririya ta lulluɓe shi. Irin lansir cokali uku an jiƙa shi rabin awa har ya yi yauƙi, an shafe jikin safar da shi, an cika tulun da ruwa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓun shi ke shayar da irin. Tulu mai fenti ba zai yi ba.

Asabar, 15 ga Maris, daren samanu

Tsiron tire ya kai santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, fari mai sheƙi, saiwoyin sun sarƙe har ana ɗaga shi kamar tabarma. An tauna ƙwaya ɗaya bayan an sha ruwa, zaƙi ya fito. An zaɓi dare saboda aikin yana son ɗanɗanawa, kuma dama al'adar ta dare ce. Mata suna taruwa su kewaye tukunya, suna karɓa-karɓar muciya, suna salati da addu'a har asuba, da yawa kuma suna dafa shi a matsayin bakance da sunan Nana Faɗima. A Tajikistan da Uzbekistan, inda ake ce masa sumanak ko sumalak, unguwa guda kan haɗu a kan katuwar tukunya ɗaya.

Kayan aiki: tsiron rabin kilon alkama, garin alkama mai dusarsa kilo biyu, ruwa lita shida zuwa bakwai, lauz (almond) mai ɓawo ɗan hannu. Ba sukari, ba mai, ba gishiri.

An yayyaga tabarmar tsiron, an ɗauraye, an markaɗa da ruwan sanyi lita biyu, an tace da ƙyalle an matse sosai. Wannan shi ne ruwan farko, fari kamar madara, an ajiye shi daban. An mayar da tuƙar an sake markaɗawa da lita biyu, ruwa na biyu ke nan. An yi na uku haka. Ruwan markaɗe lallai ya zama mai sanyi, kuma kada a bar shi ya jima a ajiye, cikin awa biyu zuwa uku a ɗaki mai ɗumi sai ya fara tsami.

Duk wanda ya san kunun zaƙin da ake zuba wa markaɗaɗɗen tsiro ya tsinke ya yi zaƙi ya riga ya san sirrin samanu. Ƙwayar da ta tsiro tana fitar da sinadarin da ke narka sitaci ya koma sukari. Sinadarin yana aiki sosai a zafin digiri 60 zuwa 70, yana mutuwa in zafi ya doshi 80. Wanda ya buɗe wuta da ƙarfi tun farko, tukunya ta tafasa cikin minti goma, zai kwana yana tuƙa salala mara zaƙi.

An dama garin da ruwan farko a wajen wuta, da hannu, har ba gudaji ko ɗaya. Gudajin da ya shiga wuta ba ya narkewa. An ɗora a tukunya mai kaurin gindi, wuta ƙasa-ƙasa, muciya ba ta tsayawa. Wajen minti ashirin ya yi kauri har muciya tana nauyi, jim kaɗan kuma ya saki ya tsinke. Wannan sakin shi ne alamar tsiro yana aiki. An riƙe shi a wannan zafi kusan awa guda kafin a ƙara wuta.

Daga nan sai tuƙi har ruwan ya ƙone, ya dunƙule, launinsa ya tashi daga fari ya koma ruwan ƙasa. Nan ne wurin da ya fi cin ƙarfi, nan ne kuma ake samun launin. Muciya ta riƙa kankaro gindin tukunya kowane zagaye, musamman kusurwa. In ƙanzo ya kama har ya yi baƙi, kada a kankare shi, a juye abin da ke sama a wata tukunya, don ɗacin ƙonuwa yana bin duka.

An rage wuta, an zuba ruwa na biyu ludayi-ludayi. Sanyinsa ya sauke zafin tukunyar, sabon sinadarin da ke cikinsa ya sake samun damar aiki a kan sauran sitacin. An bari ya sake yin kauri, sannan aka bi da na uku. An jefa lauz da ɓawonsa bayan an wanke. Yana gilmawa a gindin tukunya yana rage kamu, wanda ya tsince shi a kwanonsa kuma ana yi masa barka.

An ɗora tukunya ƙarfe 8 na dare, an kai ga kaurin da ake so wajen 2. Gwajinsa a ja layi da muciya a tsakiya, layin ya daɗe kafin ya rufe. Sai turarawa: an naɗe murfi da tawul don ya tsotse gumi, an sa faifan ƙarfe tsakanin wuta da tukunya, wuta a mafi ƙanƙanta, ba a buɗe ba har lokacin sahur. Ya fito ja mai duhu, yana sheƙi, zaƙinsa mai nauyi ba irin na sukari ba. An juye a ƙananan kwanuka, ya huce, an sa a firji. Yana kai mako guda zuwa kwana goma. Wanda za a ɗora a shimfiɗa ƙaramin kwano ne daban, domin in ya kwana biyu a ɗaki ba na ci ba ne kuma.

Litinin, 17 ga Maris

An gasa nan-e nokhodci, ƙananan biskit na garin gasasshen nokhod, wani irin wake (chickpea). Gari gram 500, garin sukari 250, man shanu 250, hel, wani kayan ƙamshi (cardamom), cokalin shayi biyu. An kwaɓa jiya ya kwana a rufe, yau aka murza kaurin santimita ɗaya da rabi, aka yanka da ɗan ƙarfen yanka mai siffar ganye huɗu. Tanda digiri 150, minti 15 zuwa 20. Ba a taɓa su sai sun huce sarai, da zafi hannu na kaiwa suke rugujewa.

Sabzen alkama ya kai santimita takwas, yana karkata wajen taga, ana juya farantin kowace safiya. Adas ya yi ganye ƙanana. An mayar da su baranda da rana, sanyin yana rage musu gudu ya ƙara musu kore, da dare a shigo da su.

Talata, 18 ga Maris, Caharshanbe Suri

Daren Larabar ƙarshe ta shekara. Ana hura ƙananan wutar ƙirare a jere, manya da yara suna tsallakewa suna cewa "zardi-ye man az to, sorkhi-ye to az man", wato rawayata taki, janki nawa, rawaya tana nufin cuta da rama, ja kuma lafiya. Wutar ta gaskiya ba ta wuce gwiwa, a fili, nesa da motoci, da bokitin ruwa a kusa, tufafin roba kuma a bar su a gida. Abin takaici a manyan birane shi ne abubuwan fashewa na haɗin gida da suka mamaye daren, kowace shekara asibitoci suna karɓar masu ƙuna da waɗanda suka rasa ido ko yatsu, da yawansu yara. Ba su da alaƙa da tsallaken wuta, kuma sun sa tsofaffi da yawa ba sa leƙowa waje.

An rufe tagogi, an shigo da farantai tun la'asar saboda hayaƙi.

Laraba, 19 ga Maris

Sauran biyar daga kasuwar Tajrish, inda ba masaka tsinke: senjed, busasshen ɗan itace mai jan ɓawo da gari a ciki, sir, tafarnuwa, sib, jar tuffa, somag, jan gari mai tsami, serke, ruwan khal. An ƙara furen sonbol a tukunyarsa, wanda rabin furanninsa ba su buɗe ba, don wanda ya buɗe duka ba zai kai mako a ɗaki ba.

An shimfiɗa farin zane, madubi a can baya, kyandir biyu a gefensa, Alƙur'ani a gabansa da sababbin takardun kuɗi a tsakanin shafuka, waɗanda za a raba wa yara goron biki. Wasu gidaje suna ƙara diwanin Hafiz, shahararren mawaƙin Farisa. Dafaffen ƙwai da aka rina da ɓawon albasa, da tsabar kuɗi a ɗan kwano. An ɗaura wa sabze jan ƙyalle a ƙugu, yana ado yana kuma hana shi bajewa.

Jan kifi a kwalba, wanda aka saba ɗorawa a shimfiɗa, an bar shi, an sa naranj, wani lemo mai tsami, a kwanon ruwa, wanda shi ma tsohuwar al'ada ce. Kifayen nan da yawansu ba sa kai ƙarshen biki, ƙaramar kwalba da ruwan famfo mai sinadari ke kashe su. Wanda ya saya, ya bar ruwan famfo ya kwana a buɗe kafin ya zuba, ya riƙa canza rabi kawai, kada kuma ya sake shi a kogi bayan biki.

Alhamis, 20 ga Maris (30 ga Esfand, 19 ga Ramadan)

Kafin 12:31 kowa ya yi wanka ya sa sababbin kaya, an zauna a gaban shimfiɗa, an kunna kyandir. An karanta addu'ar juyin shekara: "Ya muƙallibal ƙulubi wal absar, ya mudabbiral laili wan nahar, ya muhawwilal hauli wal ahwal, hawwil halana ila ahsanil hal." Talabijin ya sanar da shigar 1404, ƙanana suka gaida manya, aka raba kuɗin da ke cikin Alƙur'ani.

Ba wanda ya taɓa biskit ko samanu sai da aka sha ruwa. Abincin daren sabzi polo ne da kifi: shinkafa kofi huɗu, yankakken ganye rabin kilo, a tsane ganyen sarai kafin a haɗa, in ba haka ba shinkafar ta caɓe. Bana kwanakin farko sun haɗu da dararen Lailatul Ƙadri da juyayin shahadar Imam Ali ranar 21 ga Ramadan, wadda ta faɗo 22 ga Maris, don haka gidaje da yawa sun rage shagali, ziyarar 'yan uwa kuma ta koma bayan buɗa baki. Ƙa'idarta dai tana nan: ƙarami ke fara zuwa gidan babba, babba ya rama daga baya.

Litinin, 24 ga Maris (4 ga Farwardin)

Aikin da ya rage shi ne a riƙe sabze da rai har 13 ga Farwardin, Laraba 2 ga Afrilu, ranar Sizda Bedar da kowa ke fita daji ko lambu ya yini, 'yan mata su ƙulla ganyensa da fatan aure, a jefa shi a ruwa mai gudu. Bana za ta zo kwana biyu bayan Ƙaramar Salla.

Alkama ta kai santimita goma sha biyar, bakin ganyen ya fara rawaya, domin abincin da ke cikin ƙwayar ya kusa ƙarewa kuma ba ƙasa a ƙarƙashinta. An rage mata santimita uku da almakashi, za ta sake tohowa daga ƙasa. Adas ba a yanka shi, in aka datse kansa ba ya komawa kyau. Lansir na jikin tulu yana shanye ruwa da sauri yanzu, ana cika shi safe da yamma. Farantan duka suna kwana a baranda in dare bai yi sanyin ƙanƙara ba, ana ɗauraye saiwar da ruwan sanyi sau ɗaya a yini a tsane. Na tangaran ya fara ɗan wari a tsakiya, an ɗaga tabarmar saiwar an wanke farantin an mayar, za a sake duba shi ranar Laraba.